Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Muhawarar 'Yan Takarar Shugaban Ƙasa

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, wasiƙarka ta iso, kuma na daɗe ina juya maganar da ka yi cewa muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa wasan kwaikwayo ce da ba ta ƙara wa mai zaɓe komai. Na gane inda ka dosa, amma ban bi ka har ƙarshe ba.

Hujjarka tana da tushe. Tun ranar 26 ga Satumba, 1960, da Kennedy da Nixon suka kara a talabijin a Chicago, abin da ya fi zama a zukatan Amurkawa shi ne yadda Nixon ya fito a rame yana gumi, bai daɗe da tashi daga jinya ba. Sai dai ka lura da abin da ya biyo baya: Nixon bai sake yarda da muhawara ba a 1968 da 1972, kuma ba a koma yin ta ba sai a 1976. A Faransa, Shugaba Chirac ya ƙi zama da abokin takararsa Jean-Marie Le Pen a zagaye na biyu na zaɓen 2002. A Najeriya ma, a Janairun 2019, Buhari bai halarta ba, Atiku kuma ya je wurin, da ya ga babu shi sai ya juya. In da wasa ce, me ya sa wanda yake ganin yana gaba ya fi kowa gudun ta? A wurin gangami magoya baya ne suke kewaye da shi, a talla kuwa kuɗinsa ne yake magana, amma a zauren muhawara abokin karawarsa yana tsaye kusa da shi, kuma babu hadimin da zai raɗa masa amsa. A irin wannan zaure ne Shugaba Ford ya ce, a 1976, Tarayyar Sobiyet ba ta danne Gabashin Turai ba, kowa ya ji da kunnensa.

Inda damuwata take shi ne kujerar mai gabatarwa, domin a kanta ne gaskiya take samun mai tsaya mata ko ta rasa. Dubi muhawarori biyu da aka yi a Amurka a 2024. A ta CNN, ranar 27 ga Yuni, masu gabatarwa sun bar Biden da Trump kowa ya faɗi abin da ya ga dama, ba su gyara wa kowa zance ba. A ta ABC, ranar 10 ga Satumba, tsakanin Trump da Kamala Harris, da Trump ya ce baƙin haure suna cinye karnuka da magunan mutane a garin Springfield na jihar Ohio, mai gabatarwa ya shaida wa masu kallo nan take cewa hukumar garin ta ce babu wani sahihin rahoto a kan haka. Magoya bayan Trump sun yi ƙorafin an nuna son kai, kuma ƙorafi ne da ya cancanci a saurara, domin gyara ba ya da mutunci sai an auna kowa da mudu ɗaya. Duk da haka ina tare da mai gyarawa. Ba hurumin ɗan jarida ba ne ya yanke hukunci kan ko tsarin harajin wane ya fi na wane, wannan na masu zaɓe ne. Amma adadi da kwanan wata da abin da ya faru ko bai faru ba, ana iya bincika su, kuma wanda ya san amsa ya yi shiru a gaban miliyoyin mutane ya taimaka wa ƙarya ko da bai yi niyya ba. Muna cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to amma ɗan takara ba 'ya'yan yake nema ba, ya ishe shi furen ya kai ranar jefa ƙuri'a.

Washegarin muhawara kuma wata matsala ce. Tambayar da yawancin jaridu da tashoshi suke yi ita ce wa ya kayar da wa, wa ya tashi a ƙuri'ar jin ra'ayi. Thomas Patterson na Jami'ar Harvard, da ya nazarci labaran zaɓen Amurka na 2016, ya gano cewa kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai suka shafi manufofin 'yan takara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, domin a shekarar ne shugaban kamfanin CBS, Leslie Moonves, ya faɗa da bakinsa cewa hayaniyar yaƙin neman zaɓen ƙila ba alheri ba ce ga Amurka, amma alheri ce ga tasharsa. Faransa ta tilasta wa rediyo da talabijin su ba 'yan takara lokaci daidai wa daida a makonnin ƙarshe, wanda abu ne mai kyau, sai dai agogo ba ya tantance wanda ya cika nasa mintocin da ƙage. Akwai masu bin diddigin zance irin su PolitiFact da aka kafa a 2007 da Africa Check a 2012, ina kuma jinjina musu, amma gyaransu yakan iske wanda ya je nema ne, alhali guntun bidiyon ya riga ya zaga WhatsApp tun cikin dare.

Saboda haka ina roƙonka, in an sake yin muhawara a inda kake, ka daure ka kalle ta daga farko har ƙarshe, ka sa ido kan abin da mai gabatarwa yake yi idan aka kauce wa tambayarsa: yana maimaita ta, ko yana wucewa? Sannan ka rubuto mini ko kana ganin gyaran zance aikinsa ne, ko a bar wa abokin karawa.

Ka gaida uwargida da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka amini.