Wasiƙa ga abokan cinikinmu: a gama runduna ɗaya tukuna

Ya ku abokan cinikinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, mun rubuto ne kan wata magana da ba kasafai mai kaya yake faɗa wa mai saye ba. Muna roƙonku ku sassauta saye. Kafin ku ɗauki sabon akwatin 'yan sojoji, wato ƙananan mutum-mutumin da ake wasannin yaƙi irin su Warhammer 40,000 da su a kan tebur, ku haɗa na hannunku, ku shafa musu fenti, ku jera su a tebur su gwabza ko da sau ɗaya ne.

Mu muke miƙa muku kayan nan, don haka muna ganin yadda abin yake tafiya. Mutum zai karɓi akwatin rundunar Space Marines, kafin wata ya zagayo ya dawo neman tankar yaƙi, can kuma ya hango wata rundunar mai suna Necrons a hannun wani ya ce ai shi ma su yake so. In muka tambaye shi labarin na farko sai ya yi dariya, ya ce suna nan a jikin firam ɗinsu, wato sandunan robar da gaɓoɓin suke zuwa manne a jiki, ko ledar bai yage ba. A littafin ciniki wannan riba ce a gare mu. Amma mun san inda take ƙarewa. Ranar da tulin robar nan mai ruwan toka ya fi ƙarfin mai shi, sai ya rufe kabad, ya ɗauke ƙafa, daga nan ba ma sake jin ɗuriyarsa. Wanda ya gama sojoji goma ya buga wasa da su kuwa, shi ne muke gani shekara da shekaru.

Saboda haka daga yanzu duk sabon shiga da ya ce mu haɗa masa cikakkiyar rundunar Warhammer 40,000, za mu fara zaunar da shi mu yi lissafi tare. Babban wasa na maki 2,000 ne, wato jimillar darajar sojojin da kowane ɗan wasa zai jera, a tebur mai inci 44 da 60, zagaye biyar, kuma yakan cinye sa'o'i uku ko fiye. Mai rundunar Orks ko Tyranids yana iya buƙatar sojoji sama da ɗari, kowanne da hannuwa da makami da kai da za a yanka, a kankare, a manna. Wannan ba aikin makon farko ba ne. Akwai hanyoyin shiga da suka fi sauƙi. Combat Patrol akwati ɗaya ne da aka tsara ya fuskanci akwati ɗaya. Kill Team kuwa tawaga ce ta kimanin mutum goma a fili mai inci 22 da 30. Wanda manyan injinan yaƙi masu tafiya da ƙafa suke burgewa, ga BattleTech, wanda yake nan tun 1984: injina huɗu sun ishe ka, a kan taswirar takarda mai gidaje masu kusurwa shida, kana harbi kana lissafin zafin da injinka yake tarawa. Akwai kuma Infinity na kamfanin Corvus Belli da ke Sifen, inda sojanka yake mayar da martani ko a lokacin da abokin karawarka ne yake wasa. Mu dai a wajenmu Kill Team ya fi dacewa da mai koyon fenti, domin duk sojan da ka gama za ka gan shi yana aiki a fili, ba zai ɓace cikin taro ba.

Wani abin da ke tura mutane saye barkatai shi ne neman rundunar da ta fi ƙarfi. Ku yi hattara da wannan. Kamfanin Games Workshop, da ke Nottingham a Ingila, ya fitar da Warhammer 40,000 ne a 1987, kuma tun daga nan dokoki ba su zauna wuri ɗaya ba. An sake su a 2017, aka sake a 2020, aka kuma sake a 2023, ban da gyaran makin sojoji da ake yi fiye da sau ɗaya a shekara. Tankar da kowa yake rububi a yau, gyara ɗaya zai mayar da ita cikin kabad. Ku zaɓi rundunar da idonku yake so, domin ku ne za ku zura mata ido dare da rana da buroshi a hannu.

Bari mu ɗan tsaya kan haɗawa, don a nan ne yawancin kayan da ake dawo mana da su da ƙorafi suke lalacewa. Kada a murɗe gaɓa daga firam da hannu. A sa ƙaramar filaya mai yanka, gefenta mai lebur yana kallon sojan, a yanka nesa kaɗan, sannan a share ragowar da wuƙar aiki. Kowane ɓangare yana da siririn layi inda ɓarin mazubi biyu suka haɗu. Yanzu da ƙyar ake ganinsa, amma fenti yana hawa zai fito ɓaro-ɓaro a tsakiyar hular kwano. A kankare shi da bayan wuƙa, ba da kaifinta ba. A kuma gwada haɗa gaɓoɓin babu gam tukuna, musamman hannu biyu da suke riƙe bindiga ɗaya.

Maganar gam ita ce ta fi rikita mutane. Gam ɗin roba ba manna yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu ɗaya, shi ya sa ɗigo kaɗan ya isa, kuma in ya taɓa yatsanka ka kama kafaɗar soja, zanen yatsan ya zauna ke nan har abada. Amma ba ya aiki a kan rezin, wani abu mai kama da roba da ake ƙera wasu sojojin da shi, ba ya aiki a kan ƙarfe. Waɗannan sai sufa gulu. Rezin yana da nasa halin: a wanke shi da ruwan sabulu kafin komai, domin yakan zo da maiƙon da ke sa shi fita daga mazubi, kuma fenti ba ya kama maiƙo. In bakin bindiga ya zo a lanƙwashe, a tsoma shi a ruwan zafi ya yi laushi, a miƙe shi, a tsoma a ruwan sanyi. Ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu, don haka a jiƙa shi in za a goge da sanfefa, a kuma rufe hanci. Masu manyan motoci da suke ɗauke da makamai iri-iri su gwada ƙananan maganaɗisu a maimakon gam, yadda in doka ta canja sai a cire wannan igwa a ɗora waccan. A dai adana su nesa da yara ƙanana, haɗiye su haɗari ne babba.

Sai fenti, wanda shi ne yake tsorata kowa. Laifin hotunan da kuke gani ne. Gasar fenti ta Golden Demon, wadda aka fara a 1987, tana fitar da ayyukan da mutum zai shafe watanni a kan soja ɗaya, ana ɗaukar hotonsa kusa da kusa ƙarƙashin fitila. Sojanka kuwa tsayinsa bai wuce milimita 28 zuwa 32 ba, kuma daga tsaye za a riƙa kallonsa, tsakaninsa da ido tsawon hannu. A wannan nisan ba mai ganin ko ka ɗiga masa ƙwayar ido. Abin da ake gani shi ne launi mai tsabta, da duhu a lunguna, da gindin da aka gyara, wato faifan da sojan yake tsaye a kai.

Ana farawa da fentin shimfiɗa, domin fentin ruwa ba ya zama a kan roba tsirara. In na feshi ne, a girgiza gwangwanin sosai, a tsaya a waje, a riƙe shi kamar taƙi ɗaya daga sojan, a fesa a gitta, kada a tsaya wuri ɗaya. Iska mai laima ko mai ƙura ko zafi mai tsanani suna sa feshin ya sauka da kaushi kamar yashi, gara a jira wata rana. Baƙi yana rufa asiri, duk inda buroshi bai kai ba sai ya zama inuwa. Fari yana sa launi ya yi haske, amma ba ya yafe kuskure. Bayan haka, babban abin da muke maimaitawa har bakinmu ya gaji: a sirka fenti da ruwa. Kada a ɗebo daga kwalba kai tsaye a maka. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, ko da na farkon ya fito da dabbare-dabbare har ranka ya ɓaci. Bar shi ya bushe, na biyu zai daidaita shi.

Akwai dabaru biyu da suke yin rabin aikin. Na farko fenti mai ruwa-ruwa mai duhu, wanda ake shafe sojan da shi sai ya gangara da kansa ya kwanta a tsagogin sulke da tsakanin yatsu. Na biyu busasshen buroshi: a ɗebo launi mai haske, a goge shi a tsumma har sai kamar babu komai, sannan a riƙa sharar sojan da shi sama-sama. Gefuna da tudu kaɗai zai kama. Ku gwada a jikin Necron, azurfa a ƙasa, baƙin ruwa a kai, busasshen buroshi, ɗigon kore a bindiga. Da yamma ɗaya za a gama biyar. Tun 2019 kuma da fentin Contrast ya fito, sannan wasu kamfanoni irin su Army Painter da Vallejo suka kawo nasu, shafi ɗaya a kan shimfiɗa mai haske yana ba da launi da inuwa a tare. Wasu tsofaffin hannu suna yi masa kallon raini. Mu ba ma cikinsu. Kuma a riƙa yin aikin rukuni-rukuni: sulken mutum biyar, sannan bindigogin biyar, kafin ka kai na ƙarshe na farko ya bushe. In abin ya ɓaci gaba ɗaya, sinadarin isofurofil yana cire fenti daga roba ba tare da ya ci ta ba, sai a sake. Da an gama a rufe da fentin kariya marar ƙyalli, domin yatsu suna cin fenti, musamman a sojojin ƙarfe.

To, ga abin da mu za mu yi a namu ɓangaren. Mun ware tebur ɗaya na haɗawa da fenti, da filaya da wuƙaƙe da burusa da fentin gwaji, kuma ba sai a wajenmu ka sayi akwatin ba. Za a sami ɗayanmu a zaune a wurin. Ba zai karɓi buroshin daga hannunka ba, nuna maka zai yi a jikin wani sojan dabam.

A teburan wasa na yau da kullum, mai sojojin da ba a fenta ba ya zo ya buga, babu mai yi masa gori, kuma duk wanda muka ji yana yi za mu ja masa kunne. Abin da muke nema kawai shi ne a manne su a gindinsu, a kuma gaya wa abokin karawa wane ne wane kafin a jefa ɗan lido na farko. A ranar gasa ne kawai za mu bi abin da dokokin gasar suka tanada, wato makin nasara 10 cikin 100 ga rundunar da aka gama fentinta har da gindi. Maki goma sukan raba gardama a wasan da aka yi kankankan, kuma ba a ce sai fentin ya yi kyau ba, a dai gama shi. Tun da maganar tebur ake, a auna tazara da tef kafin a ɗaga soja, a jefa 'yan lido a fili inda kowa yake gani, kada kuma a ɗauki sojan wani sai da izininsa.

Aikin fenti da muke karɓa yana nan, sai dai ba za mu ƙara karɓar runduna sukutum a lokaci ɗaya ba. Rukuni ɗaya za mu yi, mai shi ya gani, ya amince da launin, sannan a ci gaba. Za mu kuma rubuta masa sunayen fentin da muka yi amfani da su da yadda muka jera su, don in ya ga dama ya ƙarasa sauran da hannunsa. Masu kawo abin da suka buga da injin 3D mai ƙera siffofi, muna karɓa, amma a wanke shi a busar da shi a hasken da ke ƙarfafa rezin tukuna. Ɗanyen rezin yana cin fata, kuma ba ma so ya taɓa hannun ma'aikatanmu. Ku sani kuma wasu gasanni, musamman waɗanda kamfanonin wasan suke shiryawa da kansu, nasu sojojin kaɗai suke yarda da su, don haka a tambaya kafin a yi wahala.

Akwatunan da suka daɗe a kabad kuwa, mun buɗe kanta ɗaya ta musaya. In akwatin bai buɗe ba, ko firam ɗin yana nan cikakke, ka kawo, ka rubuta abin da kake nema a madadinsa. Ba ma cire komai a kai, tsakaninku ne.

Wanda zai zo teburin fenti karon farko, ya taho da sojoji biyar kawai, da takardar haɗawar da ke cikin akwatin, da rigar da ba zai ji haushi ba in fenti ya ɗiga mata. In yana sa tabarau na karatu kada ya manta da shi.

Mun gode da cinikinku da kuma haƙurin karanta wannan doguwar wasiƙa.

Naku,
Ma'aikatan ɗakin haɗawa da fenti