Permi a aljihu, gini ba mai dubawa

Assalamu alaikum malam edita.

Baƙon nan naku na daren Laraba da ya ce wai a Maradi ba a aza birki sai masu duba gini sun zo, don Allah ku sake kiranshi ya gaya muna unguwar da suke zuwa. Wallahi na ji shirin raina ya ɓaci har na kasa cin tuwo.

Maƙwabcina ya ɗora etaj, wato bene, bisa tsohon gida, fondasiyon ɗin nan tun ta mahaifinshi ce ba a ƙara mata ko ƙarfe ɗaya ba, ina tsaye aka buga birki 60 da buhun siminti guda, ka murza da yatsa yana zuba kamar garin rogo. Na yi mishi magana ya zaro takarda ya ce yana da permi, wato izinin gini. To permi ke riƙe gini? Watanni bakwai ana aikin, ban ga mutum ɗaya ya zo ya leƙa ba. Sau biyu ina zuwa kai ƙara ana ce min mai duban ya fita, in dawo jibi. Damina na faɗuwa katangar ta kwanta cikin tsakar gidana, daidai inda ɗiyana ke shimfiɗa tabarma da dare, Allah ne ya sa ranar suna ɗaki. Tumakina biyu nan suka mutu, gyara ya ci min jika 85 kuma har yau ko sannu.

Ni ban ce laifin ruwa ba ne. Ruwa mun san shi, shi ya tada tsohon gari daga bakin Gulbi a 1945, kuma kowa ya ga na ƙarshen Agustan 2024 da gidajen da ya kayar da mutanen da muka binne. Garin da ya ga wannan ai bai kamata a ba mutum takarda a juya mishi baya ba. Mai ba da izini shi ke da nauyin zuwa ya ga rami kafin a zuba beto, ya ga ƙarfe, ya hana a toshe hanyar ruwa, in an ƙi a tsaida aikin ko gidan wane ne. Arondisma, wato gundumomi, uku gare mu a Maradi, a ce an rasa mutum da moto da zai zagaya?

Sannan layinku na waya, minti 20 ina kira yana kame, kuka cika lokacin da tallan magani. Ku gyara wannan ma.

Mai saurarenku daga unguwar Zariya, Maradi.