Fatun layya: kuɗin marayu na ruɓewa a harabar masallaci

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini in ja hankalin kwamitocin masallatai kan fatun layya. Duk Babbar Sallah 'yan agajin Izala da na sauran ƙungiyoyi suna bin gida-gida suna karɓar fatun, a sayar, kuɗin su tafi ga gyaran makarantun Islamiyya, maganin marasa lafiya, ɗinkin marayu da haƙa rijiyoyi. Tsarin ya dace da shari'a, tunda mai layya ba ya sayar da fatar dabbarsa, ba ya kuma biyan mahauci ladan fiɗa da ita, amma yana iya sadakar da ita. Abin takaici, kaso mai yawa na wannan dukiya yana lalacewa kafin dillali ya gan ta.

Ɓarnar tana farawa daga wuƙa. Fatar rago da hannu ake raba ta da nama: a tsaga ta ciki, a dunƙule hannu a riƙa turawa, wuƙa sai a ƙafafu da wuya. Mai gaggawa kuwa yakan yi ta sassaƙa har ya huda ta, kuma huda ɗaya a gadon baya ta isa ta sauke fata daga lamba ɗaya zuwa ta reni, domin kamfanonin jima na Sharaɗa da Chalawa a Kano daga nan suke yanka mafi tsadar ɓangare.

Sai maganar gishiri, wadda ita ce babba. Ɗanyar fata tana fara ruɓa cikin 'yan sa'o'i, don haka kada a bari ta haura awa huɗu zuwa shida babu gishiri, balle ma da layyar 2023 zuwa 2025 duk ta faɗo a watan Yuni, ga zafi ga laima. A bar ta ta huce a inuwa, a kankare kitse da guntun nama, a shimfiɗa ta gashi a ƙasa, a zuba gishiri kimanin sulusi zuwa rabin nauyinta, a murza har gefuna da wuya, don nan ne ruɓa ke soma ci. Ƙirgi, wato fatar bijimi, mai kilo 25 zai sha gishiri kilo 10 ko kusa da haka. A jera su bisa katako mai ɗan gangare domin ruwa ya tsiyaye. Ƙulle fata a leda, ko jibge ta a bayan a-kori-kura rana na dukanta har magariba, asara ce kai tsaye. In aka ja gashi ya biyo hannu, ta riga ta tafi.

Saboda haka a sayi gishirin tun Zulƙi'ida, a raba wa kowane reshe, kuma limamai su faɗi waɗannan matakai a huɗubar Juma'ar da ke gaban Sallah. A tura masu karɓa tun hantsi, a ci gaba har kwana na uku. A yi ciniki da dillalai biyu ko uku kafin ranar, domin wanda ya tara fatu suna wari ba shi da bakin taya farashi.

Bayan sayarwa, jama'a na da haƙƙin jin lissafi. A liƙa takarda a ƙofar masallaci: fatu nawa aka karɓa, nawa suka lalace, nawa aka samu, nawa aka kashe a gishiri da mota, ina sauran ya tafi. Kuma rijiyar da aka haƙa ko maganin da aka saya ya isa ga duk ɗan unguwa, ɗan Izala ne ko ɗan ɗariƙa, Musulmi ne ko Kirista.

Wassalam.
Naku, mai karatu daga Fagge, Kano.