Aikin Majalisar Ɗinkin Duniya ba a sayensa da kuɗi

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya jama'a. Dan Allah ka ba ni ɗan fili, wani abu ne ya tsaya min a rai tun watan jiya.

Ɗan yayata ya gama digiri ya yi bautar ƙasa, shekara biyu yana zaune a gida, sai wani ya turo masa saƙo a WhatsApp wai ana ɗaukar ma'aikata a ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya (UN) na Abuja, har da takarda mai tambarin nan shuɗi da sitam, aka ce ya biya dubu ɗari da hamsin kuɗin fom da na gwajin lafiya. Uwarsa ta sayar da keken ɗinkinta ta cika masa. Sai bayan lambar ta daina shiga ya kira ni, muryarsa na rawa yana cewa Kawu an cuce ni. Wallahi na yi shiru na rasa abin faɗi, don ni na shekara takwas ina aiki da ɗaya daga cikin hukumomin nan kuma ban taɓa zaunar da yaron na nuna masa hanya ba.

To bari in faɗa da babbar murya: Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗaukar aiki. Gurabenta suna careers.un.org, mutum ya buɗe akawun a Inspira ya cike da kansa, hukumomi irin UNICEF da WHO da WFP kowace da nata shafin. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ɗan damfara ne, ko da hoton wa ya sa a furofayil.

Amma abin da ya fi damuna shi ne me yasa yaranmu ke faɗawa hannunsu. Don an cusa musu cewa aikin nan sai mai uwa a gindin murhu, to da sun ga mai cewa zai buɗe musu ƙofar baya sai su ruga. Ba na musun cewa sanayya na taimakawa, ina ne ba ta taimakawa? Amma ni dai da tattara bayanai na fara a sansanonin 'yan gudun hijira a Maiduguri, kwantiragin wata uku, da waya a hannu ina bi tanti tanti cikin rana ina tambayar mata yara nawa ne, me suka ci jiya. Abin da ya sa aka ɗauke ni ina jin Hausa da Kanuri, kuma na iya Excel. Daga nan aka sabunta, aka sake sabuntawa, har na samu gurbin ma'aikacin ƙasa da ake cewa NO, wato National Officer. Yawancin waɗanda na sani haka suka shiga, ta ƙananan kwantiragi ko ta aikin sa kai na Majalisar da ake cewa UNV, ba wanda ya tashi daga jami'a ya dira hedikwatar Majalisar a New York.

Akwai kuma jarrabawar YPP ta ɗaukar matasa aiki a Majalisar, sharaɗin ka yi digiri, kar ka wuce shekara 32, ka iya Turanci ko Faransanci, sai dai duk shekara ake fitar da jerin ƙasashen da za su shiga, dole ka duba ko taka na ciki. Ita kuwa JPO, wato guraben koyon aiki na ƙananan jami'ai, yawanci ƙasashe masu kuɗi ne ke biya wa 'ya'yansu.

Yanzu maganar harshe, nan ne fa muke yi wa kanmu. Nijar da Chadi da Kamaru da Benin duk Faransanci suke aiki da shi, sun kewaye mu amma ɗan Katsina da bai fi tafiyar awa biyu zuwa Maradi ba sai ka ga ko gaisuwa bai iya ba. Hukumar Tafkin Chadi tana Njamena tun 1964, Bankin Raya Afirka yana Abidjan, ECOWAS ga hedikwatarta nan a Abuja, ka je can ka ji yadda Faransanci ke tashi a baranda. Na taɓa rasa wani gurbi a Yamai, na ci rubutacciyar jarrabawa, ana zuwa intabiyu wata mata ta yi min tambaya ɗaya da Faransanci na tsaya ina kallon kwamfuta, shi kenan. Har yau abin na min ciwo.

Larabci ma fa yana cikin harsuna shida na Majalisar, ga OIC, ƙungiyar ƙasashen Musulmi, da Bankin Musulunci a Jidda. Yaro ya yi shekaru a Islamiyya yana karanta littattafai, amma ba wanda ya ce masa ya je ya yi takardar shaida ya sa a CV.

Kuma mutanenmu sun kai can sama, Amina Mohammed 'yar Gombe tana Mataimakiyar Babban Sakatare tun 2017, Farfesa Tijjani Bande na Kebbi ya shugabanci Babban Zauren Majalisar a 2019, marigayi Barkindo na Yola ya riƙe OPEC shekara shida. Gaskiya ne tun da Amurka ta rage tallafi a 2025 gurabe sun yi ƙaranci, abokan aikina da dama suna gida yanzu, to a irin wannan lokacin ne mai harshe biyu ke tsira.

Roƙona Edita, ku ware ko rabin shafi ne duk mako ku riƙa buga gurabe na gaskiya da ranar rufewa, da Hausa. Shi kuma ɗan yayata na sa shi ajin Faransanci, duk Asabar muna zama muna cike fom tare, kuɗin keken kuma ina biyan yayata a hankali.

Naka,
wani mai karatu daga Maiduguri