Ƙorafi ga garejin da ya gyara mini mazaunin amortisa a Yamai

Zuwa ga shugaban kamfani,

Assalamu alaikum. Alhaji, bayan gaisuwa da fatan alheri, na fito da wannan magana fili ne don na bi ta waya, na aiko ƙanena har ofishinku, kullum amsa ɗaya ce: maigida ya fita. Ban ambaci sunan kamfaninku ba saboda gyara nake nema, ba tozarta kowa ba.

Motata Peugeot 504 ce ƙirar 1979, wadda ta shigo daga Faransa ta tashar Kwatano. Na kawo muku ita tun daga Tahoua saboda mazaunin amortisa na gaba, gefen dama, ya tsage, wato ƙarfen jikin mota inda ake ɗaure kan amortisa, abin da ke shanye girgizar hanya. Ba abin mamaki ba ne ga motar da ta sha gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin sanyi, sannan ta zo nan laka tana taruwa a ƙarƙashinta duk damina. Shugaban makanikanku ya duba, ya ce za a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe a sa sabo. Na biya jika 180, takardar biyan tana hannuna, kuma abin da aka rubuta a cikinta ke nan.

Alhaji, kai ka girme ni a harkar mota, ka san yadda gaban 504 yake. Amortisa da sifirin a haɗe suke, kansu kuma a wannan mazaunin yake ɗaure. Ke nan nauyin gaban mota, har da inji, a kan wannan ƙarfen yake, kuma duk ramin da taya ta faɗa shi ke shan dukan. Idan ya balle ana cikin gudu, amortisa na iya fasowa sama ta daki murfin inji, ƙafa ta karkace, sitiyari ya ƙwace wa direba. Ba wurin kwalliya ba ne.

Amma kwalliya aka yi mini. A hanyar komawa Tahoua, kafin in kai Dogon Dutsi mota ta fara ja zuwa dama, bayan Tsarnawa kuma ƙwanƙwasar da nake ji kafin gyara ta dawo. Da na isa gida, tayar dama ta soma cinyewa ta gefen ciki. Wani tsohon mai walda a nan Tahoua ya ɗora maganaɗisu a wurin, ya ƙi kamawa. Da ya kankare fenti sai ga mastik mai kauri, wato kwaɓin da ake cike ramuka da shi kafin fenti, a ƙarƙashinsa ɗan siririn kwano da aka ɗiɗɗiga da walda a kan tsatsar. Ko amortisar ba a kwance ba, don notinan suna nan da tsohuwar tsatsarsu. Facin da aka ɗora a kan tsatsa ruwa yake riƙewa, ruɓa ta ci gaba a ɓoye. Wannan ne ya fi ɓata mini rai: da tsagar tana fili ina tafiya a hankali, da kuka rufe ta na ɗauki iyalina na hau babban titi da kwanciyar hankali.

Aikin da ya kamata a yi ba ɓoyayye ba ne. A sauke amortisa, a yanke har sai an kai ga lafiyayyen ƙarfe, a auna da ɗaya gefen don kada ramukan noti su goce, a sa ƙarfe mai kaurin na asali ko a yanko mazauni mai kyau daga wata 504 da ta mutu. A yi walda kaɗan-kaɗan don kada zafi ya lanƙwasa wurin, a shafa maganin tsatsa ciki da waje, sannan a daidaita ƙafafu. Kayan 504 ba su ɓace ba a ƙasar nan, tunda an daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna bayan Turai ta daina.

Abin da nake nema: ku ɗauko motar da kuɗinku, don ba zan sake tuƙa ta a haka ba, ku yi aikin a gaban wakilina, ya ga wurin kafin a shafa fenti, ku duba gefen hagu, ku biya taya. In ba za ku iya ba, ku maido mini kuɗina. Kuma don Allah, Alhaji, ka sa a kira duk wanda ma'aikacin da ya yi mini wannan facin ya taɓa yi wa irin wannan aiki a sake duba motarsa.

Ina jiran amsarku a rubuce kafin ƙarshen wata.

Wassalam,
Mai 504 daga Tahoua