Empuraan bai kama ƙafar Lucifer ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Na saurari shirinku na fina-finai na makon jiya, kuma wallahi raina ya ɓaci. Yaya za a yi mai gabatarwa ya buɗe baki ya ce Empuraan, ci gaban fim ɗin Indiya na harshen Malayalam mai suna Lucifer, ya fi Lucifer ɗin nesa ba kusa ba, hujjarsa kawai an kashe kuɗi an zagaya ƙasashe? Tun yaushe jirgi mai saukar ungulu da fashewar bam suka zama labari?

Ni Lucifer na 2019 na kalle shi ya fi sau biyar. Abin da ya riƙe ni siyasar ce. P.K. Ramdas, jagoran jam'iyya mai mulkin jihar Kerala, ya mutu, gawarsa ba ta huce ba 'yan jam'iyya sun fara rabon kujera, surukin gidan, Bobby, yana neman cusa kuɗin ƙwaya cikin jam'iyya. Ga jarumi Mohanlal a matsayin Stephen, farar riga, farin zane, magana ƙasa-ƙasa, amma in ya ɗaga ido kowa sai ya shiga taitayinsa. Har yau ina tuna inda Jathin, ɗan Ramdas, ya hau mumbari, ana zaton yaron da ya dawo daga Amurka ba zai iya harshen Malayalam ba, sai ga shi yana zuba shi tiryan-tiryan, jama'a na sowa. Tsigar jikina tashi ta yi.

Shekara shida na yi ina jiran ci gaba. Da na zauna kallo da ƙanina, muka yi kusan awa guda ba mu ga fuskar jarumin ba. Daga wannan ƙasa a jefa mu waccan, Turawa 'yan leƙen asiri suna ta surutun da bai dame mu ba. Ƙanina ya juyo ya ce, "Yaya, wai ina Stephen ɗin?" Na rasa amsar ba shi. Da ya fito ma, Khureshi, wato ɗaya sunan da Stephen ke amfani da shi a ƙetare, muka gani cikin baƙaƙen kaya da tabarau, yana taku ana jan hoton a hankali, ba mutumin Kerala da muka sani ba. Jathin kuwa, haka kawai aka wayi gari ya lalace ya bar jam'iyyar ubansa, ba a nuna mana yadda mulki ya ci zuciyarsa ba. Nan fa naman labarin yake, darakta Prithviraj ya tsallake shi. Fim na kusan awa 3!

Ba na hana shi haƙƙinsa. Faɗan cikin daji, inda Stephen ya dawo da zanensa ya ceci Priyadarshini, 'yar Ramdas, ya burge ni, kuma Manju Warrier da ta fito a matsayinta ta yi rawar gani lokacin da ta karɓi ragamar jam'iyya. Farkon fim ɗin kuma, kisan da aka yi wa dangin Zayed Masood, na hannun daman Khureshi, a rikicin addini na 2002, sai da na kau da kai, hawaye na zuba. Amma ko kalma ɗaya ba ku ce a kai ba. Ba ku faɗa wa masu sauraro cewa bayan fitowarsa a 27 ga Maris, 2025 an taso masu fim ɗin a gaba saboda yadda suka taɓo wannan rikici na jihar Gujarat, har Mohanlal ya ba da haƙuri a Facebook, aka yanke wurare 24, aka canja sunan mugun daga Bajrangi zuwa Baldev ba. Wanda ya kalla daga baya ba abin da aka fara haskawa ya gani ba, kuma ya kamata ya sani.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin muryar mai gabatarwa. Mahaifinmu yana son shirin, amma kunnensa ya yi nauyi, kullum sai ya manna rediyo a kunne yana tambayata me aka ce.

Naku,
Mai sauraro a kullum