Godiya ga Ma'aikatan Ɗakin Gwajin Jini na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano

Assalamu alaikum.

Na zaɓi in yi muku wannan godiya a bainar jama'a ne saboda abin da kuka yi wa ɗana ɗan shekara 4.

Za a yi masa aikin ƙaba, sai sakamakon da muka karɓo daga wani ɗakin gwaji ya nuna filatilet ɗinsa, ƙwayoyin da ke tsayar da jini idan an ji rauni, sun faɗi zuwa 38,000. Na mai lafiya kuwa tsakanin 150,000 ne da 450,000. Aka ɗage aiki, aka fara zancen ƙarin jini da gwajin ɓargo. Mahaifiyarsa ko abinci ta kasa ci. Shi kuwa yaro yana ta wasansa, ba haɓo, ba jini a dasashi, ba wani tabo a fata.

Da muka zo wurinku ba ku tsaya ga lambar da na'ura ta fitar ba. Kun shafa jinin a gilashi, kuka duba da madubin likita, sai ga ƙwayoyin nan birjik, sun cure dunƙule-dunƙule. Ɗaya daga cikinku ya zaunar da ni, ya yi min bayani da Hausa cikin natsuwa. Kwalbar da ake ɗibar jinin gwaji a ciki, mai murfi ruwan shunayya, tana ɗauke da sinadarin EDTA don kada jini ya daskare, amma a jinin wasu mutane shi ke sa filatilet su manne wa juna, a cikin kwalba kawai, jiki lafiya lau. Na'ura kuwa da girman ƙwaya take ƙirga filatilet, sai ta tsallake dunƙulen ko ta lissafa shi cikin fararen ƙwayoyin jini. Ga yara kuma jijiya ƙanana ga fizge-fizge, jinin kan fara gudaji tun ana ɗiba.

Kuka sake ɗiba a kwalba mai shuɗin murfi, mai ɗauke da wani sinadarin hana daskarewa da ake kira sitiret maimakon EDTA, kuka auna nan take: 260,000. Alhamdu lillahi, an yi aiki, ya warke.

Wani abin da ya ƙara min ganin girmanku shi ne gargaɗin da kuka yi min: zazzaɓin cizon sauro, da ya yi mana katutu a Kano, yana rage filatilet da gaske, don haka kada in ɗauka duk ƙarancin da aka gani na kwalba ne. Kuma kun rubuta a takardarsa irin kwalbar da za a riƙa ɗibar masa jini nan gaba.

Allah ya saka muku da alheri, ya raya muku zuri'a.

Wassalam,
Mahaifin yaron, daga Gwammaja, Kano